Buhun Daddawar da Na Kai Makka

Tun ranar da na dawo daga Makka ban yi ciniki ɗaya cikin natsuwa ba. Mutum zai shigo rumfa da fatar akuya a kafaɗa, maimakon ya shimfiɗa mu duba, sai ya nemi wuri ya zauna ya ce, "Alhaji, wai yaya can ɗin take?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa kafin ya kai bakin kasuwa. Shekaranjiya na ji wai na mari wani Balarabe a Jidda. Ban mari kowa ba. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna, wanda ya sake tambaya in miƙa masa, ni kuma in koma kan fatuna.

Mutanen Nguru sun san ba aikin hajji kaɗai ya kai ni ba, don haka ba zan yi kwana-kwana ba. Yayana Malam Sani yana da ɗa, Hamisu, wanda ya samu gurbin karatu a wata kwalejin addini a Makka. Ranar da zai tafi, unguwa guda ta raka shi tasha. Wata bakwai da tafiyarsa sai ga wasiƙa, ɗalibai biyar 'yan ƙasarmu sun sa hannu. Sun ce yaron ya zama ɗan daudu: yana ɗaura zane, yana girki, yana hulɗa da mutanen da ake zargi da neman maza, a zo a ɗauke shi tun hukumar makaranta ba ta ji ba. Wanda ya kawo wasiƙar kuwa ya gama ba rabin gari labarinta kafin ya iso ƙofar Yaya.

Yaya ya kira ni zaure. Kwana uku ke nan bai leƙa waje ba. Ya ce, "Tunda bana za ka sauke farali, ka taho mini da shi. Karatun ya isa."

Na ce, "Yaya, in je in duba, ko in je in ɗauko?"

"Mene ne bambancin?"

"Ni ban taɓa yanke wa fata daraja daga bakin wani ba. Sai na shimfiɗa ta a rana na ga inda wuƙa ta ci."

Ya ce, "Ɗana ba fata ba ne." Sannan ya ce, "Je ka duba. In haka ne, kada ka dawo babu shi."

Matarsa kuwa, Yaya Hajara, shiri ta shiga yi. Ranar tafiya ta sa aka fito da buhu guda an ɗinke bakinsa: kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono, garin dawa, da daddawar da za ta ishi gidan biki. Ta ce, "Ka kai wa yaron." Na ce ai wataƙila tare za mu dawo. Ta ce, "Ka dai kai masa."

Hanyar ƙasa na bi, don ina son ganin kasuwar fata ta Sudan, kuma jirgin sama bai kwanta mini ba a lokacin. Babbar mota muka shiga zuwa Maiduguri, daga nan Gamboru, muka haye kogi zuwa Fallomi, babban birnin Cadi. Abokin zamana wani tela ne ɗan Gashuwa, Malam Buba, mutumin kirki mai ƙarfin hanci. Ranar farko ya dube ni ya ce, "Malam, in ba damuwa ka mayar da takalminka." Na nuna masa ƙafata a cikin takalmi. Ya dubi sauran fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai kamar shi ne. Sai da muka wuce Abashe gaskiya ta fito, direba ya ɗaure buhun a can saman kaya. Wannan kuskure ne, don rana ta samu abin dafawa. Daga ranar, kafin motarmu ta shiga gari an san mun taho.

A Adire, bakin iyakar Cadi, wadda ke hannun Faransa a lokacin, wani jandarma ya zagaya buhun sau biyu, ya soke shi da bakin bindiga, ya shinshina. Na ce shi ke nan, sunana ya shiga littafin Faransa. Sai ya ja ni gefe ya ce da Hausar da ta fi tawa, "Matata 'yar Damagaram ce. Shekara biyu tana yi mini kukan daddawa." Na ɗebar masa curi biyar, ya buga wa motarmu hatimi tun kafin ta gabanmu. Malam Buba bai sake zancen wari ba har Jinaina, garin farko a Sudan.

Mutanen Sudan suna da kirki, sai dai tuwonsu ba ya zama a ciki. Kisra suke ce masa, ga shi siriri kamar takarda, ka ci goma ka tashi kana neman abinci. Shayi kuwa ba a tambayarka, miƙo maka ake yi. Daga Fashir muka yi kwanaki cikin rairayi, muna sauka muna tura mota muna hawa, har muka kai inda jirgin ƙasa yake. A Sawakin aka tsare mu wajen mako guda don allura, wani likita ya rantse akwai mushe a kayana. Jirgin ruwa ba zan ba da labarinsa ba, don daga hawa har sauka fuskata tana cikin bokiti.

A cikin jirgin muka ɗaura harami, zane biyu farare marasa ɗinki. Ni tun da na yi wayo wando nake sawa, ban san ɗaurin zane sana'a ba ce. Na sauka Jidda hannu ɗaya riƙe da buhu, ɗaya riƙe da mutuncina. Ɗan kwastan ya kwance buhun, ya ja da baya, ya ce, "Esh hada?" wato mene ne wannan. Na nuna baki, alamar abinci ne. Ya ɗauko curi ɗaya ya miƙo mini, in ci ya gani. Jama'a, na ci ɗanyar daddawa a gaban hukumar Saudiyya, kuma da yake sai da hannu biyu na ɓare ta, haramin ya kama hanyar ƙasa. Malam Buba ne ya tare shi a gwiwa. Wannan shi ne asalin zancen marin. Ba mari aka yi ba, tsalle Malam Buba ya yi.

Ganin Ka'aba ba abin rubutawa ba ne a wurina. Na tsaya, duk addu'o'in da na haddace tun daga Nguru suka ɓace, na yi kuka kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wanda ya je ya sani.

Abin da zan iya rubutawa shi ne mutanen garin. Muɗawwifinmu, mai kula da alhazai, wani ƙato ne mai gemu. Yana ganina ya rungume ni ya sumbace ni a kumatu, dama da hagu da dama kuma. Na daskare. Ashe gaisuwarsu ke nan. A unguwar Jarwal na sauka, gidan wani dattijo Bagobiri, Baba Idi, wanda ya zo da ƙafa tun yana saurayi bai koma ba. Ɗansa Umar direban tasi ne, a can aka haife shi, Hausarsa rabi da rabi: "Ya ammi, ruwa mafi, sai bukra," wato Baffa, babu ruwa sai gobe. Na lura a garin nan magidanci ne ke ɗaukar kwando ya tafi kasuwa ya tsaya yana matsa tumatir. In ana walima, ƙartin maza ne a bakin tukunya. In sun shiga gida kuma su tuɓe riga su ɗaura zane mai zane-zane su zauna shan gahawa. Na ce a raina, da masu wasiƙar nan za su bi gari gida-gida, da tawada ta ƙare musu.

Kashegari Umar ya kai ni kwalejin. Hamisu ya fito, da ƙyar na gane shi don rama. Ya durƙusa ya gaishe ni, muryar nan tasa mai laushi da tafiyar nan tasa a hankali, yadda na san shi tun yana rarrafe. Na tambaye shi karatu, kamar na buɗe famfo.

"Baffa, Larabcin da Baba ya koya mini na littafi ne. Ranar farko na je sayen gurasa na yi magana, mai gurasar ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Malaminmu na nahawu ɗan Misra ne, magana yake yi kamar ana binsa da gudu. Mu tara ne a ɗaki, uku 'yan Jawa ta ƙasar Indunusiya. Kullum da safe wake ne da gurasa, in an canza, gurasa ce da wake. Ruwa sai an bi layi da gwangwani. Takalmina uku sun tafi a ƙofar masallaci. Manyan ɗalibai kuma sabon shiga bawansu ne, ka yi wanki, ka yi shara."

"Girkin fa?"

"Da karɓa-karɓa muke yi, mu shida 'yan gida. Ranar da aka zo kaina na yi tuwo da miyar kuɓewa yadda na ga Inna tana yi. Tun daga ranar ba wanda ya sake taɓa risho. Wata bakwai ni ke dafawa."

Muna tsaye sai ga wani dogo mai tsinin gemu da littattafai a hammata. Wannan shi ne Tukur, ɗalibin shekara ta uku, shugaban ɗalibanmu, kuma sunansa ne na farko a wasiƙar. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya juya ya ce, "Hajiya, yau baƙo kika yi? To kada ki manta da mu, azahar ta kusa." Biyu da ke bayansa suka yi dariya. Hamisu ya dubi ƙasa.

Na ja yaron muka fita. Na ce ya kai ni wurin mutumin banzan da aka ce yana hulɗa da shi. Ya kai ni wani lungu a unguwar Misfala, rumfar tuwo. Mai rumfar Alhaji Balarabe, ɗan daudu ne sosai ba na zargi ba, Bakano, shekara ashirin a Makka. Ya dube ni sama da ƙasa ya tafa hannu ya ce, "Wannan baƙon kisra ta wahalar da shi. Zauna, ɗan uwa, kafin iska ta ɗauke ka." Wata guda da rabi rabona da tuwo. Na ci malmala uku ban ɗaga kai ba. A wurinsa Hamisu ke sayen kayan miya, don duk Makka ba mai su sai shi, kuma rabin alhazanmu a rumfar nan suke cin abinci.

Da muka fito muka zauna shan shayi, na tambayi yaron ko yana son karatun. Ya zaro takardar jarrabawa daga aljihu, ta yi laushi don ninki. Shi ne na biyu a ajinsu. Ya ce, "Baffa, in na koma gida yanzu, ba wanda zai ce na dawo. Cewa za a yi an koro ni, kuma kowa ya san dalili. Ko almajirai uku ba mai ba ni in koya musu." Ya juya kofin shayi a hannunsa. "Ban yi abin da suka rubuta ba. Amma tafiyata ba zan iya canza ta ba, na gwada. Muryata ma na gwada." Sannan ya ce, bai dube ni ba, "To da a ce gaskiya suka faɗa fa? Da yanzu ba ni da baffa ke nan?"

Ni ba malami ba ne. Da tallan kananzir na fara, abin da na sani a kasuwa na koya. Na ce, "Akwai buhu a Jarwal da na sha wuya a kansa ƙasa uku. Uwarka ba ta ce in yi maka tambaya kafin in ba ka ba. Sha shayinka." Ya sha. Na ce, "Daga yau kada ka sake kunna rishon nan. In sun tambaya, ka ce Baffa ya hana, ai sun ce girki lalacewa ne."

A kasuwar ƙauye, in masu fata suka haɗa baki suka ƙi sayarwa, ba ka zuwa wurin babbansu. Ka samu inuwa ka zauna, ka jira wanda fatarsa ta fara wari. Haka na yi. Kullum bayan la'asar Hamisu ya zo Jarwal ya buɗe buhu ya yi mana miyar kuka, mu ci da Baba Idi da Umar da 'yan Jawa ukun nan, waɗanda suka koma makwancinsu suna ba da labari. Can kwalejin kuwa aka koma wake da gurasa. Tukur ya gwada tuwo da kansa, aka ce sai da aka jiƙa tukunyar kwana biyu.

Kwana na shida sai ga ɗaya daga cikin masu wasiƙar, Garba ɗan Zariya, wai ya zo gaishe da Alhaji. Idonsa yana kan tukunya. Na sa aka zuba masa, na bari ya kai rabi, sannan na ce, "Malam Garba, me ka gani da idonka?"

"Wallahi Alhaji, ni takarda aka miƙo mini."

"Ka sa hannu. Me ka gani?"

"Na ga yana ɗaura zane in zai yi girki."

Na nuna masa Baba Idi zaune da zanensa yana suɗe kwano. Garba ya ce a ƙara masa miya.

Cikin kwana uku sauran ukun suka zo, ɗaya ɗaya, kowa yana tsammanin shi kaɗai ne. Ɗaya ya ce ya gan shi a rumfar Balarabe. Na ce kai me ya kai ka lungun? Ɗaya ya ce ya ga wani ɗan ajinsu, ɗan Larabawa, ya sumbace shi ranar da aka fito da sakamako. Na ce ni ma an yi mini, sau uku, da gemu mai warin albasa, ko in rubuta wa iyalina? Na ƙarshen ya ce shi bai ga komai ba, yanayin tafiyarsa ce dai. Na ce to rubuta haka. Duk huɗun suka rubuta wasiƙa ta biyu da hannunsu, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da bai gani ba.

Tukur bai zo don tuwo ba, wannan kam na yaba masa. A rumfar Balarabe ya same ni da rana tsaka, ya tsaya daga waje kamar ƙasar wurin za ta ɓata masa alwala. Ya ce, "Alhaji, ka sayi yaran nan da miya. Ni ba na cin abincin irin waɗannan mutane."

Balarabe ya leƙo da ludayi a hannu ya ce, "Ikon Allah. Ba wannan ne mai aiko ɗan Jawa da kwano duk Juma'a ba? Koren kwano mai tsaga a baki? Malam, naman jiya ya yi maka taushi kuwa?"

Masu cin abinci suka ƙware da dariya. Tukur ya ce, "Ni don Allah na yi. Irinsu in aka bar su, su ke jawo wa al'umma fushi. Gobe zan je wurin shugaban makaranta."

Na yarda don Allah yake ganin ya yi, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro a lamarinsa. Na wanke hannu na fito na ce, "Je ka, zan raka ka. Zan tafi da takardar mutum huɗu da suka ce ba su ga komai ba. Kai kuma sai ka kawo shaidunka. Shekara uku kana karanta hukuncin wanda ya jefi musulmi da irin wannan magana ba shaida, ka fi ni sanin bulala nawa ce. A garin nan kuwa na ji ba a littafi kawai take ba."

Bai je ba. Bai kuma sa hannu ba. Har na baro Makka in ya ga Hamisu sai ya kau da kai, kuma na ji yana ce masa Hajiya a bayan ido. Ban gyara duniya ba, ban ma gyara ɗaki guda ba. Abin da aka samu shi ne girki ya koma karɓa-karɓa, Hamisu ranar Juma'a kaɗai, buhu kuma a ɗakin Baba Idi yake da kwaɗo.

Ranar fita Mina na fito da haramina ina fama, Hamisu ya ce, "Baffa, kawo." Ya naɗa mini ya soke gefe, irin ɗaurin da uwarsa ke yi in za ta yi daka. Arfa, Muzdalifa, jifa, turmutsutsu, ko motsi bai yi ba. A Arfa na hango Tukur yana addu'a da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ƙugu.

Jirgin sama na biyo zuwa Kano, don na ƙoshi da bokiti. Na isa Nguru ni kaɗai. Yaya yana zaure, ya dubi bayana ya ga ba kowa. Na miƙa masa wasiƙa ta biyu da takardar jarrabawa. Ya karanta su a hankali, ya sake karantawa.

"Mutum huɗu ne a nan. Waccan biyar ne."

"Na biyar ɗin na ce ya kawo shaida, har yau yana nema."

"Kai me ka gani?"

"Na ga yaro mai karatu. Tafiyarsa tana nan yadda ka san ta, muryarsa ma haka. Ba Makka ce ta ba shi su ba, kuma dawowa Nguru ba za ta karɓe su ba."

 Na san akwai tambaya a bakinsa, na kuma ga lokacin da ya mayar da ita. Abin da ya fito shi ne, "Ya rame?"

Na ce, "Ya rame, amma ya fara mayarwa."

Daga bayan ƙyaure sai muryar Yaya Hajara, ashe tana nan tun ɗazu: "Kayan sun isa?" Na ce sun isa, ban da curi biyar da Faransa ta ci da ɗaya da na ci.

To, masu tambaya, ga labarin Makka. Wanda ke da niyyar tafiya baɗi ya biyo ta rumfata kafin ya tashi. Akwai buhun Hamisu a zauren Yaya, tun yanzu an fara cika shi, kuma jiya na tarar da Yaya da kansa yana zaune da basilla yana gyara bakinsa. Shawarata ɗaya ce: kada ka yarda direba ya ɗaura shi a sama.